Darasi na Tara: Idan Malejin Tsohon Babur Ya Daina Aiki

A yawancin gidajenmu akwai tsohon babur da ya ga jiya ya ga yau. Wani Honda CG125 ne, irin wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1975. Wani roba-roba ne, jikan Super Cub na 1958. Wani kuma Vespa ce da maigida ya gada. Injin na tashi, birki na kamawa, amma in ka leƙa malejin sai ka tarar allurar ta kwanta a kan sifili shekara da shekaru. Mai babur ya saba, har ya manta akwai ta.

Ni dai ban yarda da wannan sabo ba. Maleji ne ke gaya maka gudun da kake yi, shi ne kuma ke ƙirga maka tafiyar da babur ya ci, don ka san lokacin juyen baƙin mai. Ku da kuka zauna a wannan aji kuka koyi karanta lambobi, bai kamata ku hau babur da mataccen maleji ba, alhali sau da yawa gyaransa bai wuce aikin hantsi ɗaya ba.

Kalmomin da za mu yi ta haɗuwa da su: maleji, allura, waya, giya, maganaɗisu, giris. Kowa ya rubuta su a littafinsa kafin mu ci gaba.

Yadda yake aiki

Malejin tsohon babur ba ruwansa da batir, in ban da ɗan ƙwan da ke haska shi da dare. Ƙafar babur ce ke juya shi. A cibiyar ƙafar gaba, jikin farantin birki, akwai wata 'yar giya, wato ɗan faifai mai haƙora. In ƙafa ta juya, giyar ta juya. Daga nan waya ta taso har zuwa gindin maleji. Wayar nan biyu ce a haɗe: akwai kube na waje wanda ba ya motsi, akwai kuma siririyar waya a cikinsa wadda ke murɗawa. Bakinta na sama mai kusurwa huɗu ne, don ya shige rami ya riƙe.

A cikin malejin, wayar tana juya maganaɗisu. Maganaɗisun yana juyawa dab da wani ɗan ƙoƙo na alminiyom, ba tare da sun taɓa juna ba, amma ƙarfinsa yana jan ƙoƙon. Allura a jikin ƙoƙon take. Wani siririn sifirin mai kama da gashi yana mayar da ita baya. Gudu ya ƙaru, ja ya ƙaru, allura ta hau. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma har yau da ita ake aiki. A yawancin baburan Japan, in wayar na juyi 1,400 a minti ɗaya, allura za ta nuna kilomita 60.

Wayar dai ita ce kuma ke juya ƙananan giyoyin da ke tura lambobin ƙirgen tafiya. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan bincikenmu zai fara.

Duba lambobi kafin ka ɗauki sifana

Rubuta lambobin da ke kan maleji a takarda. Hau babur ka yi tafiyar kamar kilomita biyu, ka dawo ka sake dubawa.

Idan lambobin sun ƙaru amma allura ba ta motsa ba, to wayar lafiyarta ƙalau, giyar ƙasa ma haka. Ciwon yana cikin kan malejin. Idan kuwa lambobi da allura duk sun tsaya cik, to juyin ne ba ya isowa sama, sai a nemi laifin a waya ko a giyar ƙafa. Wannan ɗan gwaji da biro da takarda ya raba maka aikin gida biyu, ko kwabo ba ka kashe ba.

Na taɓa tsayawa a wata rumfar gyaran babur, wani dattijo ya zo ya ce wa bakaniken: "Yaro, cire mini wannan malejin ka sa sabo, ya mutu."

Bakaniken ya ce: "Baba, a yi haƙuri in duba wayar tukuna. Kada ku sayi abin da ba shi ne ya lalace ba."

Ya kwance, sai ga waya ta fito guntu biyu. Da dattijon ya sayi sabon maleji, da ya ɗaura shi a kan tsinkakkiyar waya, allura ta ci gaba da barcinta.

Wayar maleji

A nan za mu daɗe, don mafi yawan matsalar a nan take.

Kafe babur a kan babban sitan, ka sa wani ya danna bayansa har ƙafar gaba ta bar ƙasa. A gindin maleji akwai wani zobe mai zare da ke riƙe da wayar. Kwance shi da hannu. In ya ƙi, sa filaya a hankali, kada ka matse shi ya lotse. Wani lokaci za ka tarar zoben ne kawai ya sassauce saboda girgizar hanya, bakin wayar ya zame daga raminsa. In haka ne, mayar ka ɗaure, aiki ya ƙare.

In ba haka ba, juya ƙafar gaba da hannu, ta fuskar da take juyawa in ana tafiya, ka zuba wa bakin wayar ido. Yana juyawa? Kama shi da yatsu biyu a hankali. Wannan kamun yana da muhimmanci, domin wayar da ta tsinke a tsakiya takan yi juyin ƙarya in ba a riƙe ta ba, amma da ka taɓa ta sai ta tsaya. Lafiyayyar waya za ka ji tana murɗe maka yatsu.

Idan ba ta juyawa, sauka ƙasa. Kwance ɗan sukurun da ya riƙe wayar a jikin farantin birki, ka zaro siririyar wayar daga kubenta. Duba ta daga wannan baki zuwa wancan. Ko ta tsinke, ko zarenta ya fara warwarewa, ko kuma kusurwoyin bakinta sun cinye sun zama mulmulalle har ba ya riƙe rami. Duk wanda ka gani cikin ukun nan, sabuwa za a saya. Kada ka yarda a yi mata walda. Wurin waldar ba ya lanƙwasuwa, kuma nan za ta sake karyewa.

In a ido lafiya take, shimfiɗa ta a kan tebur ko daɓen siminti ka mirgina ta da tafin hannu. Mai lafiya tana mirginawa sumul. Wadda ta taɓa lanƙwashewa za ka ga tana tsalle a wuri ɗaya. Irin wannan ce ke sa allura rawa, ta yi sama ta yi ƙasa kamar mai jin sanyi. Bushewa ma na kawo rawar. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga kube, tsohon giris ya daskare, waya ta riƙa maƙalewa tana sakewa.

Wanke ta da kananzir, ka goge da tsumma mai tsabta. Shafa mata giris kaɗan, shafa ba cusawa ba. Amma ka bar kamar tsawon taƙi ɗaya daga saman ba giris. Dalili kuwa, wayar in tana juyawa takan tura giris sama, in ya shiga kan maleji ya manne wa ƙoƙon nan, allura ta yi nauyi ko ta tsaya. Na ga maleji masu kyau da yawan giris ya kashe.

Wajen mayarwa, bi hanyar da wayar take tun asali, ta cikin 'yan zobban da aka tanada mata. Kada ta yi kwana mai tsanani. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata ba ta ɗamewa. Masu Vespa su yi haƙuri, tasu ta cikin bututun kan babur take bi, sai an bi ta sannu. In za ka kasuwa sayen sabuwa, tafi da tsohuwar a hannu, a gwada tsawo da bakin duka biyu. Kamanni ba ya isa.

Giyar ƙafa

Idan waya lafiya take amma ba ta juyawa, saura giyar ƙasa. Ita sai an cire ƙafa. A ciki akwai wani faifai mai 'yan kunnuwa biyu da ke shiga gurbi a cibiyar ƙafa. Yi wa kanka tambaya: yaushe malejin ya tsaya? In bayan an yi faci ne ko an canja takalmin birki, to akwai alamar an mayar da ƙafar ba a daidaita kunnuwan ba, aka ɗaure noti suka lanƙwashe. Ana iya miƙe su. Giyar da haƙoranta suka cinye kuwa sai canji. Wanda bai taɓa cire ƙafar gaba ba ya kai wa bakanike, domin birki a wurin yake, kuma kada giris ya kuskura ya taɓa takalmin birki.

Kan maleji

Sa guntun tsohuwar waya a ramin gindinsa ka murza da yatsu da sauri, ka gwada ta kowane ɓangare. Mai rai allurarsa za ta ɗan zabura. In yana ƙara kamar kukan ɓera, ɗigo ɗaya na mai marar kauri a bakin ramin ya wadatar. Abin da ya wuce haka, shawarata kada ka buɗe shi a gida. Sifirin ɗin ciki yana saurin lalacewa a hannun wanda bai saba ba.

Wani abu ga mai tsohon babur ɗan Ingila, irin su BSA da Triumph da Norton. Da yawansu daga ƙafar baya ko daga akwatin giya wayarsu ke tasowa. Kuma akwai tsofaffin malejin kamfanin Smiths da ke aiki da inji irin na agogo, allurarsu tafiya take da ɗan tsalle-tsalle. Haka aka yi su, ba ciwo ba ne.

Yana aiki, amma gaskiya yake faɗa?

Fara duba rubutun fuskarsa. In ka ga km/h, kilomita yake ƙirgawa. In ka ga MPH, mil ne, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Mai irin wannan maleji in allura ta nuna 40, gudunsa kilomita 64 ne, ya riga ya wuce kilomita 50 da dokar hanya ta Najeriya ta yarda a yi a cikin gari. Girman taya ma na canja lissafi: in aka sa wadda ta fi ta asali girma, maleji zai nuna ƙasa da gudun da ake yi.

Ga gwajin da za ku yi ku biyu. Ku sami hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso mai alamar kilomita a gefe, kowa da hular kwano. Direba ya riƙe allura a kan 40, idonsa na kan hanya. Na baya ya ƙirga daƙiƙoƙi da agogo daga wannan alama zuwa ta gaba. Sai a raba 3,600 da adadin daƙiƙoƙin. In an sami daƙiƙa 90, amsa 40 ce, maleji ya yi gaskiya. In 72 aka samu, gudun 50 ne, yana rage muku 10.

Aikin gida

Wani ya ci kilomita ɗaya a daƙiƙa 120, allurarsa na kan 40. Nawa ne gudunsa na gaskiya, kuma ƙari malejinsa ke yi ko ragi? Sa'an nan kowa ya rubuto lambobin malejin wani babur na gidansu ko na maƙwabci yau da yamma, ya sake rubutowa bayan kwana uku. Ku zo da takardun aji mai zuwa, mu ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kan allo.