Yadda Ake Samun Lantarki Daga Zafin Da Janareta Ke Zubarwa

Babban janaretan dizal kusan kashi ɗaya cikin uku na mansa yake mayarwa lantarki, sauran ya bi salansa da ruwan lagireto. Na'urar ORC (Organic Rankine Cycle) tana kama wannan zafi ta tafasa wani ruwa irin gas ɗin firji da ake kira ruwan aiki, tururinsa ya juya farfela mai ba da lantarki, kwandensa ta mai da shi ruwa, famfo ya sake tura shi.

Kafin ka tambayi farashi, auna zafin da kake da shi da yawan awannin da injin ke aiki. Injin da ake kunnawa sai an ɗauke wuta kawai ba zai biya kuɗin na'urar ba.

A Zariya, kwandensa ce ke yanke hukunci. Ɗauki ruwan lagireto mai digiri 90. A watan Afrilu, iska na kusan 40, kwandensa na aiki a 50, iyakar da lissafin Carnot (lissafin mafi yawan zafin da inji zai iya mayarwa lantarki) ya yarda da ita kashi 11 cikin ɗari ne, a aikace kuwa da wuya ka wuce rabin haka. Wato zafi kilowat 500 ya ba ka wajen 25. Da hunturu, kwandensa a 30, iyakar takan haura 16. Don haka yi lissafinka da bazara, kuma ka cire abin da famfo da fankoki za su ci. Idan kuɗi ya gaza, gara a rage wani abu a faɗaɗa kwandensa. Sanyayawa da ruwa ta fi ba da wuta, amma mun san halin ruwa a garin nan. In ka zaɓi fanka, wanke ƙurar hunturu daga haƙarƙarin kwandensar duk mako, in ba haka ba matsi ya hau, wuta ta ragu.

Ruwan aiki: R245fa ba ya kamawa da wuta, sai dai ɗumama duniyarsa ya ninka na iskar kabon kusan sau 1,000, kuma yarjejeniyar Kigali ta 2016 da ƙasashen duniya suka ƙulla tana rage amfani da irinsa. R1233zd(E) ya fi tsafta nesa ba kusa ba. Fentan yana da arha, amma yana ci da wuta kamar fetur.

Kada ka sanyaya hayaƙin salansa ƙasa da digiri 150. Sulfar dizal takan zama asid ta cinye bututu. Ɗora tankin ruwan aiki sama da famfo, domin in ruwan ya fara tafasa a bakin famfon, za ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ba da jimawa ba famfon ya lalace.