Ga ƙannenmu 'yan Kaduna masu burin warkarwa ta hanyar zane

Ƙannena da kuka baro Kaduna bana kuka sauka a jami'o'in Amurka da Ingila, sannunku da hanya. Wasunku sun ce burinsu bayan digirin farko shi ne warkarwa ta hanyar zane, wato taimaka wa mai ciwon rai ko taɓin hankali ya fitar da abin da ke cinsa da fenti, yumɓu ko fensir, a inda baki ya kasa. Sana'a ce ta gaske, amma ba a shigarta sai da digiri na biyu, kuma shirinta daga zangon farko yake farawa. Tun ran gini ran zane.

A Amurka yawancin makarantu suna neman kiredit (ma'aunin yawan kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi) 18 na zane na aikin hannu, da 12 na ilimin halayyar ɗan Adam, ciki har da kwas kan yadda hankali ke girma tun daga yarinta da na cututtukan ƙwaƙwalwa. Tarihin zane ba ya shiga lissafin 18 ɗin nan, so ake hannunku ya ɓaci da laka da fenti. Ku zauna da malamin da ke tsara muku kwasa-kwasai tun a watan farko, ku faɗa masa inda kuka dosa. Wanda ya fara karatu a gida kafin ya taho, ya aika a turo takardar sakamakonsa yanzu, don tantancewa na cin lokaci.

A Ingila doka ce ta kare sunan sana'ar, ba mai amsa shi sai mai rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya. Karatun shekara 2 ne, kuma makarantun suna son ganin kun yi kamar shekara guda kuna aiki da mutane: gidan tsofaffi, makarantar yara masu buƙata ta musamman, ko asibiti. Bizar ɗalibi ta ba ku awa 20 a mako lokacin karatu, to ku kashe su a irin wannan aiki, ko da wani wurin ya fi biya. Ku da ke karatu a Amurka kuwa, kada ku taɓa aikin wajen makaranta sai kun tambayi ofishin ɗalibai baƙi. Ku kuma sani, a Ingila ɗalibin kansa sai ya riƙa ganin mai ba da shawarar ƙwaƙwalwa tsawon karatun. Ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kundin ayyukanku. Ana neman kamar guda 15 zuwa 20, kuma yaranmu kan cika shi da kwaikwayon Turawa, su bar nasu. Haba! Daga jihar da aka tono kawunan yumɓun Nok kuka fito, jihar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 don su haɗa na gida da na boko. Ku sa dagi, ku sa ɗinkin hula, rini, zanen ƙwarya, har lalle. Ku tuna yadda mai ɗinkin hula ke zama a zaure, allura na shiga tana fita, numfashinsa a kwance, hira na zuwa da kanta. Natsuwar nan ce ake nema wa mara lafiya. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, launi, saƙa da ginin tukwane sun ishe shi aiki da yawa, sai dai ya duba sharuɗɗan kowace makaranta tukuna.

Duk aikin da kuka gama, ku ɗauki hotonsa a hasken rana, ku rubuta shekara, girma da kayan da aka yi shi da su. In kun zo hutu, ku leƙa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ku tambaya ko suna karɓar masu aikin sa-kai, kuma ku karɓi takardar shaidar awannin da kuka yi.