Yadda ake ƙirga nauyin ciwon daji a ƙasa, tun daga rajistar asibiti

In kana aikin lafiya nan Maradi, ko CSI (ƙaramin asibitin gari ko unguwa) ne ko babban asibiti, to ƙirgen ciwon daji na Nijar gaba ɗaya daga bironka yake farawa. Rajistar kansa (wato ciwon daji) ta ƙasa tana Yamai tun 1992, amma fa abin da aka rubuta kaɗai take iya gani, wanda ya rasu a ƙauye bayan an sha jiƙe-jiƙe da sakiyar wanzami ba ya cikin lissafin kowa.

Abu na farko, mutum ake ƙirgawa, ba zuwa asibiti ba. Mace guda mai ciwon nono tana iya farawa a Tasawa, a turo ta Maradi, daga nan Yamai don gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) a cibiyar yaƙi da kansa da ta fara wannan aikin a 2021, wata ma ta tsallaka Katsina ko Kano, in ba a kula ba sai ta zama mutum huɗu a takarda. Don haka rubuta cikakken suna da na mahaifi, shekaru ko da ƙiyasi ne, garin da take zaune (ba gidan ɗan'uwan da ta sauka a birni ba, nan ake yawan kuskure), ranar da aka gano ciwon, sashen jikin da ya kama, da yadda aka tabbatar, an yanki tsoka an duba ne ko hoto kawai aka yi.

Sai lissafi. Sabbin kamu na shekara guda ka raba da yawan mutanen yankin, ka ninka da 100.000. A ce sabbi 60 cikin mutum 300.000, ya zama 20 kenan cikin kowane dubu ɗari. Mace-mace ma haka. In za a gwada mu da Faransa dole a daidaita shekaru, tunda mu yara sun fi yawa, su kuma tsofaffi, ciwon kuwa ya fi bin manya, in ba haka ba sai a ɗauka mun fi su lafiya.

Wanda ni ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙirgen shekarun da aka rasa, wato waɗanda mutum zai ƙara rayuwa da ciwon bai ɗauke shi ba. Uwa 'yar 40 da kansar bakin mahaifa ta ɗauke ta bar goyo, da dattijo ɗan 80, a jerin mamata kowanne ɗaya ne, amma a wannan ma'aunin ita ta fi nauyi nesa. Kansar nono, ta bakin mahaifa da ta hanta duk suna kama mutanenmu da ƙuruciyarsu, ta hanta kuwa tana da alaƙa da ciwon hanta nau'in B da gubar gyaɗa mai funfuna, mu da gyaɗa kuma ai ba a raba mu.

Kar ka manta lambar waya, biyu ma in da hali. Bayan wata shida a kira a ji ya mai jiki, don da yawa gida ake maida su kuma labarin ba ya dawowa asibiti.