Yadda Za Ku Duba Bayanan Lafiyarku a Manhajar NHS App

Da farko, idan kuna da rajista da likitan unguwa a Ingila, ku sauke manhajar NHS App, wato manhajar waya ta NHS, hukumar kula da lafiya ta gwamnati a ƙasar, ku buɗe asusu da adireshin imel da lambar wayarku.

Na biyu, ku tabbatar da shaidarku ta hanyar ɗaukar hoton fasfo ko lasisin tuƙi, sannan kyamara ta ɗauki fuskarku. Wannan matakin ya fi buƙatar haƙuri, saboda haka ku zauna inda haske yake, don kada ƙyallin takardar ya rufe rubutun.

Daga nan sai ku shiga sashen bayanan lafiya, inda za ku ga magungunanku da sakamakon gwaji. Idan wani sakamako ya tayar muku da hankali, ku tuntuɓi likitanku ya yi muku bayani.