Yadda za ka zaunar da yara su kalli Captain Blood

A Fagge nake, kuma yarana da fassarar fim ɗin Indiya suka tashi. Ranar da na kunna musu Captain Blood, autata cewa ta yi, "Baba, talabijin ɗin ta lalace?" Baƙi da fari ne, na kamfanin Warner Bros, tun 1935, kusan awa biyu. Ga yadda na shawo kansu.

Sauke fim ɗin a kwamfuta ka cika ta da caji tun da rana, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi. Bayan isha ya fi, an ci tuwo an baje tabarma.

Kafin ka kunna, ba su farkon labarin da baki kamar tatsuniya. Peter Blood likita ne a Ingila. A 1685 aka yi wa Sarki James na Biyu tawaye. Shi ko sanda bai ɗauka ba, wani ɗan tawaye da aka ji wa rauni kawai ya yi wa magani, amma aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi bauta a Port Royal ta Jamaika. Can wata budurwa, Arabella Bishop, ta saye shi fam goma. To, ja bakinka a nan. Yadda ya ƙwace jirgin Sifaniyawa ya koma fashin teku, bar su su gani da idonsu.

Kada ka ce sai ka fassara kowace kalma, maƙogwaro zai bushe a banza. Farkon fim ɗin surutu ya yi yawa, nan ne babban ɗana ya soma laluben waya. Ka dage a wurin shari'a da wurin cinikin bayi (Hajiyarmu salati ta yi ta yi), sauran ka bar wa Errol Flynn, jarumin da ya fito a matsayin Blood, da Korngold, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin. In aka zo faɗan takobi a bakin teku tsakanin Flynn da Basil Rathbone, wanda ya fito a matsayin wani ɗan fashin teku, yi shiru kawai.

Yaran da ruwa mafi girma da suka sani shi ne dam ɗin Tiga za su tambaya ko da gaske ake ragargaza jiragen nan. Ƙananan jirage ne aka ƙera, ana ɗaukarsu a tankin ruwa na sutudiyo. Ni bakina ya yi sauri na faɗa tun farko, sai babban ɗan nawa ya ƙare yaƙin kaf yana leƙen inda asiri zai tonu. Kai ka bari sai an naɗe tabarma.