Yadda za ka nemi hasken arewa da mota daga birnin Tromso na Norway

Koren hasken nan da ke rawa a sama da dare a arewacin Norway yana can nesa, kilomita 100 ko fiye, inda ƙwayoyin da rana ke fesowa suke karo da iskar oksijin. Gajimare kuwa yana ƙasa da shi. Da ya rufe, ko hasken ya cika sama ba za ka ga komai ba. Saboda haka aikinka da mota ɗaya ne: ka gudu daga gajimare.

Lokacinsa daga ƙarshen Satumba ne zuwa ƙarshen Maris. Ni na fi son Fabrairu, don rana ta dawo, kana ganin hanya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso sam. Amma a wannan duhun ne manyan kifayen wel da orka ke biyo ƙananan kifaye zuwa wajen Skjervoy, wani gari a bakin teku arewa maso gabas da Tromso, to in su kake so, sai ka haƙura da duhun.

Ka karɓi motar haya mai tayoyin ƙusa. A arewacin ƙasar an yarda da su daga 16 ga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu. Fitila a kunne kullum, doka ce. Kafin ka fita ka duba shafin yanayi na yr.no, ka ga inda sama za ta buɗe. Idan gaɓar teku ta yi hadari, ka kama hanyar E8 zuwa Skibotn, kwari ne da ba ya yawan ruwa. In nan ma ya rufe, ka hau zuwa Kilpisjarvi a Finland, kusan kilomita 160 daga Tromso. Bizar Schengen ta ishe ka, sai dai ka sanar da masu motar za ka tsallaka iyaka. Can sama sanyi ba ya wasa. Ka cika tanki, ka ɗauki shayi a filas da bargo.

Barewar da za ka tarar a kan kwalta ba ta daji ba ce. Dukiyar mutanen Sami ce, 'yan asalin yankin, kamar shanu a wurin Fulani, kowace da tsagar mai ita a kunne. Ba ta jin hon, kuma in ka ga ɗaya, sauran na bayanta. Wadda ta fi haɗari ita ce elg, wata ƙatuwar barewar daji mai dogayen ƙafafu, nauyinta kan kai kilo 500. In ka buge ta, gilashin gaba take faɗowa. Ka rage gudu da almuru. Ko wacce ka buge, dole ka kira 'yan sanda, a Norway lambarsu 02800 ce.

Idan hasken ya fito, don Allah kada ka tsaya a tsakiyar titi, manyan motoci na bin E8 har dare, kuma ba sa iya birki a kan ƙanƙara. Nemi wurin fakin a gefe, kashe fitila, ka ba idonka mintuna. Da farko zai yi kama da farin hayaƙi, kyamara ce ke fara ganin korensa.

Batun salla kuwa, akwai masallacin Alnor a cikin Tromso. A watannin da rana ba ta fitowa, lokutan Makka suke bi, ka karɓi jadawalinsu tun ranar da ka sauka.