Kafin ka sa hannu: yadda mai gambarar zamani zai tunkari kamfanin waƙa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina zama gaban na'urar haɗa sauti a wani ɗan situdiyo da ke bayan titin Gidan Zoo. Da wuya mako ya wuce ban ji wannan roƙon ba: yaro ya gama ɗora murya, ya cire abin kunne, ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, don Allah ka haɗa ni da lebul." Idan na tambaye shi me yake so lebul ɗin, wato kamfanin waƙa, ya yi masa, sai ya ce shi dai a ɗauke shi kawai. Wannan amsar ce take tayar mini da hankali, don wanda bai san abin da ya je saye kasuwa ba, duk abin da aka miƙo masa karɓa zai yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da nake faɗa musu baki da baki, ƙannena na Kano da ke wannan harka su samu a wuri guda.

Ka fara da sanin cewa kamfanin waƙa ɗan kasuwa ne. Yana iya ƙaunarka, amma jarinsa ya zuba kuma riba yake jira. Abin da yake kawowa bai wuce kuɗin aiki, da kunnen da zai gyara maka waƙa, da hanyar kai ta ga jama'a ba, sai kuma sunansa da zai buɗe maka ƙofa. Tun farkon harkar haka take. A 1979 gambarar zamani tana wuraren casu ne a unguwannin New York, ba ta shiga rediyo ba. Sylvia Robinson da mijinta Joe suka kafa Sugar Hill Records a garin Englewood, ta tattaro samari uku, aka buga "Rapper's Delight", duniya ta ji. Ba don kamfanin ba da waɗannan samari ba su fita unguwarsu ba. Amma biyu daga cikinsu sun shafe shekaru masu yawa suna shari'a da iyalan masu kamfanin a kan kuɗinsu, har ma da sunayen da suke waƙa da su. Duka ɓangarorin biyu na wannan labari gaskiya ne, kuma ina so ka riƙe su tare.

To ka zauna ka tambayi kanka wanne ka rasa a cikin abubuwan nan. In kana da situdiyon da ke ɗaga maka ƙafa kuma abokinka na ɗaukar bidiyo, ba kuɗi ne matsalarka ba, hanya ce. In mutane na jin ka amma waƙoƙinka duk ɗanɗanonsu ɗaya, kunne kake nema. Amsar da ka bayar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Daga nan sai aiki. Kada ka nemi kowa ba ka da waƙa uku da aka gama haɗawa tsaf. Uku na ce, ba talatin da aka ɗauka a waya cikin soro ba. LL Cool J yana ɗan shekara 16 ya ga adireshi a jikin wani faifai, ya aika kaset ɗinsa can, ya dinga buga waya yana tambayar ko an saurara. Adireshin ɗakin kwanan ɗalibai ne a Jami'ar New York, inda Rick Rubin yake tafiyar da kamfanin Def Jam kafin da bayan haɗuwarsa da Russell Simmons a 1984. Waƙar yaron ta fito a shekarar, ta yi kasuwa, a 1985 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar rarrabawa da Columbia. Abin lura a nan, naci ya taimake shi, amma abin da ke cikin kaset ɗin ne ya sa aka kira shi. Ni ma idan aka turo mini waƙa, daƙiƙa talatin na farko sun ishe ni in san ko zan ƙarasa ji. Ka sa mafi ƙarfinta a gaba, ka rubuta sunanka da lambarka a jikin fayil ɗin, kuma ka yi da Hausar da kake magana da ita a majalisa. Na ga yara da yawa suna murɗe harshe don su yi kama da 'yan Legas ko 'yan Amurka, alhali abin da babu wanda zai iya ƙwace musu shi ne karin maganar Kurna da Ɗorayi da ke bakinsu.

Wajen zaɓen wanda za ka bi, kunne ya fi suna. Kendrick Lamar ya shiga hannun Anthony Tiffith yana matashi, a Top Dawg Entertainment da aka kafa a 2004, wanda situdiyonsa ke cikin wani gida a garin Carson na jihar Kalifoniya. Shekaru ya yi yana fitar da ƙananan ayyuka ana gyara masa, sai a 2012 aka haɗa gwiwa da Aftermath na Dr. Dre da Interscope. A gida Najeriya, Olamide ya taso ne a Coded Tunes na ID Cabasa, ya kafa YBNL a 2012, shi ma ya fito da Lil Kesh da Fireboy DML da Asake. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne Chocolate City, wanda lauya Audu Maikori da ɗan'uwansa Yahaya da Paul Okeugo suka kafa a 2005. Su suka ɗauko M.I Abaga da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince, dukansu daga Jos, kuma kundin waƙoƙin M.I na 2008 ya sauya yadda ake kallon mai gambara a ƙasar nan. Ina yawan kawo wannan misalin don yaranmu su daina cewa sai wanda aka haifa a Legas.

A Kano mafi yawan abin da ake kira lebul mutum ɗaya ne mai ɗan hali, ko mai situdiyo irina, ko abokai biyar da suka buga riga iri ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne, tunda ka ji inda Def Jam ya faro. Abin da za ka yi shi ne bincike irin na neman aure. Ka nemi mawaƙin da ya taɓa zama a wurin ya bari, ka saya masa shayi, ka ji yadda aka rabu. Ka duba waƙar ƙarshe da suka fitar: yaushe ne, ina ta kai? In mutum goma ne a ƙarƙashinsu kuma ɗaya kaɗai ake ji, to ka san layin da za ka shiga. Kuma ka guji duk gidan da jarinsa faɗa ne da wani gida. Kamfanin Death Row ya fito da Snoop Dogg, ya sayar da faifai miliyoyi, amma gabar da aka rura tsakaninsa da Bad Boy ta zo daidai da zamanin da aka harbe Tupac Shakur a 1996 da Notorious B.I.G. a 1997, dukansu ba su wuce shekara 25 ba. A 2006 kamfanin ya karye. Garinmu ya sha fama da faɗan daba, ba ma bukatar a shigo da shi cikin waƙa.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu, wato takarda.

Kuɗin da za a damƙa maka ranar sa hannu kafin alƙalami ne, ba kyauta ba. Bashi ne da za a cire daga kasonka, kuma yawanci har kuɗin situdiyo da na bidiyo ana ɗorawa a kai. Bari mu yi lissafi a matsayin misali. An ba ka naira miliyan 2, an kashe miliyan 1 a bidiyo, kasonka kuma 20 cikin 100 ne. Bashin miliyan 3 ke nan, daga kashi 20 ɗinka za a cire shi. Sai waƙoƙinka sun kawo miliyan 15 kafin sisin kwabo ya sake shiga aljihunka, a lokacin kuwa kamfani ya riga ya kwashi miliyan 12 nasa. Duk yaron da na yi wa wannan lissafin a takarda sai ya yi shiru. Don haka ka tambaya: me da me za a ɗora mini a matsayin bashi, wa zai amince kafin a kashe, kuma duk wata nawa za a nuna mini lissafin ciniki?

Tambaya ta gaba ita ce wa ya mallaki uwar waƙar, wato ainihin sautin da aka ɗauka wanda daga shi ake yin kowane kwafi. Wanda ke riƙe da ita shi ake biya idan an saurara a intanet, shi ake nema idan za a sa ta a talla ko fim. In kamfani ne ya biya komai, ba zalunci ba ne ya riƙe ta, amma ka nemi a rubuta shekarun da bayansu za ta dawo hannunka. Ka duba wa'adin yarjejeniyar kanta: shekara nawa ne, ko kundi nawa? In an ce kundi uku kuma su ke da ikon cewa ga ranar fitarwa, suna iya ajiye ka shekara bakwai. Lil Wayne, wanda ya taso a Cash Money tun yana yaro har yana kiran mai kamfanin uba, sai da ya kai su kotu a 2015 yana neman dala miliyan 51 saboda an riƙe masa kundi da kuɗi, ba a sasanta ba sai 2018. Ice Cube ya bar ƙungiyar mawaƙa ta N.W.A da kamfanin Ruthless Records a 1989 a kan rabon kuɗi. Sai sunanka: ka tabbata an rubuta naka ne. Kizz Daniel da kake ji, Kiss Daniel ne sunansa kafin rikicinsa da G-Worldwide da ya ɓarke a 2017. Ka kuma duba ko suna da kaso a kuɗin wasan biki da na sallah da na talla, don a Kano nan ne kuɗin yake, ba a sauraron intanet ba.

Ba daga littafi na koyi wannan ba. Kafin in koma haɗa sauti ni ma na yi waƙa. Na gama kundi mai waƙa takwas, na kai wa wani ɗan kasuwar faifai, ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, muka yi musabaha a kan cewa in an sake bugawa zai ƙara mini. An sake bugawa, na ji waƙoƙina a shagunan masu turi, wato masu tura waƙa a waya, da cikin adaidaita sahu, ban ƙara ganin ko kwabo ba. Da na koma sai ya ce ai sayarwa na yi. Babu takarda, babu shaida, kuma uwar waƙar ma na miƙa masa ban ajiye kwafi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, musamman waƙar da na yi wa mahaifiyata.

Mutanenmu na jin nauyin cewa "a rubuta", kamar zargi ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta ce miƙa haƙƙin aiki ga wani sai a rubuce. Ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, ka kai wa lauyan da kai ka nemo, ba na kamfanin ba. Wanda ya ce sai ka sa hannu yau ko a fasa, bar shi ya fasa.

In kuma babu wanda ya neme ka, kafa naka. Jay-Z ya zagaya kamfanoni ba su ɗauke shi ba, shi da Damon Dash da Kareem Burke suka kafa Roc-A-Fella, suka fitar da kundinsa na farko a 1996. Master P ya fara No Limit a matsayin shagon faifai a garin Richmond na Kalifoniya da dala 10,000 na diyyar rasuwar kakansa, ya yi ta sayarwa daga bayan mota. Da ya zo zama da Priority Records, rarrabawa kawai ya ba su, ya riƙe uwar waƙoƙinsa da kaso mafi tsoka. 'Yan'uwan nan biyu, Bryan da Ronald Williams, sun yi shekara bakwai suna cika New Orleans da faifan Cash Money kafin Universal ya zo a 1998 da yarjejeniyar da aka ruwaito ta kai dala miliyan 30. Dukansu sun iya gindaya sharaɗi ne don sun riga sun mallaki garinsu.

A aikace, ka yi wa sunan kamfanin naka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe masa asusun banki daban da naka. Duk waƙar da aka gama, tun kafin a tashi daga situdiyo a rubuta kason mai kiɗa da na mai baiti da na mai amshi, kowa ya sa hannu, ko da abokinka ne na ƙuruciya. Ka ɗora a Audiomack da YouTube da kanka, ka bi ta dillalan intanet irin su DistroKid ko TuneCore don ta shiga Spotify da Boomplay, kuma adireshin imel da kalmar sirrin su zama naka. Kada ka raina masu turi na Farm Centre, har yanzu ta hannunsu waƙa ke isa ƙauye. Ka kai wa gidajen rediyo, ka nemi shirye-shiryen gambara na Arewa24. Ka je Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ka ji ƙa'idojinta da kunnenka kafin ka kashe kuɗin bidiyo. Fayilolin aikinka kuma ka ajiye su wuri biyu.

Makon jiya wani yaro daga Rijiyar Lemo ya shigo da takarda mai shafi bakwai, hannunsa har rawa yake don murna. Muka zauna bayan la'asar muka bi ta layi-layi. Wuri uku muka ja wa layi da jan biro: babu wa'adi, sunansa ya zama na kamfani, kuma ba a faɗi lokacin nuna lissafi ba. Ya kai wa wani lauya abokin yayansa, an rubuta gyaran, ya mayar musu ranar Litinin. Sun ce za su kira shi bayan Juma'a.